Taguwar Alkassoum da Jar Motar Hamadi

Duk wanda ya ce maka jar motar Hamadi ta cinye Taguwa a tsere, ka turo shi tashar Arlit ya nemi Zayyadu mai zuba waƙa a salula. Ni ne Zayyadun. Ina cikin Taguwa ranar, gaba kusa da direba, kuma abin da Hamadi ya watsa muku a bidiyo rabin magana ne, rabin ma na wajen wutsiya. A lakwal, wato makarantar boko, ban wuce sizyam ba, ajin farko na sakandare. Malamin lissafi ya ce kaina rariya ne, ni kuwa na ce masa ko rariya tana riƙe tsakuwa, ya kore ni. To ga tsakuwar da na riƙe.

Taguwa mota ce, tsohuwar Toyota katkat, irin mai ja da taya huɗu, mai buɗaɗɗen baya. A da fara ce. Direbanta Alkassoum, Ba'abzine dogo siriri, wanda in ya zauna a sitiyari rawaninsa ke goge rufin motar. Shi ya sa mata sunan raƙumar da ya fi so yana yaro. An haife shi a dajin Gougaram, ya tashi bayan raƙuma, fari ya zo ya kwashe su har da ita Taguwar ta asali, ya shigo Arlit da salka da sanda. Ya yi gadi, ya yi dako, ya wanke kamyo, babbar motar kaya, har aka bar shi ya matsar da ita, daga matsarwa ya zama direban wani ɗan kwangila a Akokan. Da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na can, mutane suka yi ta ɗaure katifa a kan mota suna komawa kudu, shi babu kudun da zai koma. Alhaji Mano mai motocin haya ya kira shi ya miƙa masa makullin wannan tsohuwar, ya ce ya riƙa kai mutane Gougaram da zangunan makiyaya da ke bayanta.

Da wannan makullin yake ci da Lalla matarsa da 'ya'yansu mata. Da shi gero da sukari da ganyen shayi ke isa zango, da shi cuku da awaki da marasa lafiya ke isowa gari. Ban taɓa ganin ya wuce saba'in ba, ko a gangare. Fasinja in ya gaji ya ce, "Baba, a taka mana," sai ya ce, "Mota ya san hanya, ka bar shi." Haka Hausarsa take, kowa namiji ne, har Lalla. "Lalla ya ce in sayo gishiri." Na gyara masa har na gaji, ya ce ai Lallan bai yi ƙara ba.

A bayan motar kullum akwai bido biyu, wato jarkokin ruwa, ɗaure da igiya. Ɗaya na mota da fasinja. Ɗayan ko ƙishi zai kashe ka ba ya kwance shi, sai ya ce, "Wannan na wanda ban sani ba ne." Mutumin kudu ba zai gane ba, don haka bari in faɗa. A hanyoyinmu ba a wuce motar da ta tsaya. Ko ta maƙiyinka ce, ko ta wanda ya ƙwace maka budurwa, in ka ga mutum ya ɗaga murfin inji ya kifa bido ko kwalba sama yana nuna maka babu komai ciki, ka tsaya. Ba jandarma ya kafa dokar ba, ba a rubuta ta ko'ina ba, amma direban da aka ji ya wuce, ba mai sake miƙa masa kofin shayi a tasha. Yosuwa makanike, Bamaraɗe da ke gyara Taguwa tun ina rarrafe, ya taɓa gaya mini cewa ƙanin Alkassoum a gefen mota ya mutu, wajen Dannet, kuma da aka same shi akwai sawun taya sabo da ya wuce ta kusa bai tsaya ba. Shi Alkassoum bai taɓa ɗauko zancen ba, ni ma da duk surutuna ban taɓa ba.

Sana'ata zuba wa mutane waƙa da wasan kokawa da bidiyo a salula. Akwai wani bidiyo da ya yi kasuwa a rumfata, na wasu Turawa da suka jera mota biyu a titin jirgin sama, ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya irin mai kwanciya a ƙasa kamar ƙadangaren da aka taka. Ana ɗaga tuta, kafin ta kowa ta gama tari, ƙadangaren ya zama ɗigo. Daga tsaye zuwa ɗari, sakan uku. Na nuna wa Alkassoum yana shan shayi, ya kalla har ƙarshe, ya ce in maimaita.

"Ina za shi?" ya ce.

"Ba inda za ta, Baba. Gudu kawai."

"To me ya koro shi?"

"Ba abin da ya koro ta. Tana yin ɗari uku da wani abu a awa. Taguwarka in aka tura ta daga kan dutse ba za ta yi rabin haka ba."

Ya sake leƙa salular. "Akuya nawa yake ɗauka?"

Na ce ko ɗaya, mutum biyu ne kawai, su ma sai sun lanƙwashe. Ya miƙo mini salula ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya ci gaba da shayinsa.

Sai Alhaji Mano ya rasu, ɗansa Hamadi ya dawo daga wajen haƙar zinariya ya gaji motocin. Tare muka yi firamare da Hamadi, ni nake ba shi amsa, ku auna ilimin. Can arewa ƙasa ta yi masa dariya, ya dawo da zobe a yatsu uku da tabarau da ba ya cirewa ko a masallaci sai liman ya kalle shi. Bayansa kaɗan wata babbar kamyo ta shigo gari da abu a baya lulluɓe da tanti. Aka yaye, sai ga ƙadangaren bidiyona, ja wur, da suna na Italiya wanda harshena ya ƙi. Wannan ita ce motar da ta fi kowace gudu a jihar Agadez, kuma a goye ta zo.

Ranar farko ta kasa shiga gidan uban, dokin ƙofa ya fi ta tsawo, sai da aka shimfiɗa katako. Titunan unguwa kuwa kun san su, rairayi da rami da ɗan tudun da kowane mai gida ke yi don ruwan wanki. Kullum yara biyu na gaba suna kawar da duwatsu, ita tana biye tana gurnani kamar zakin da ke ciwon ciki. Jakin mai ruwa ya taɓa wuce ta gaban rumfata, na tafa wa jakin.

Da a nan abin ya tsaya da dariya kawai za mu sha. Amma Hamadi ya ce Taguwa tana zubar masa da mutunci, za a sayar da ita ga masu zinariya su ƙarasa ta a can, layin Gougaram kuma a rufe shi. Yosuwa ya je har gida da shi da Intala, dattijon direbobin tasha, suka tuna masa amanar ubansa. Ni ma na bi su, don ba a taro a bar ni.

Hamadi ya ce, "Kawu Intala, zamani ya wuce motar da ake tura wa da addu'a. Wannan tsohon kafin ya kai sittin na yi sallar la'asar."

Yosuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba tsere yake yi ba, mutane yake kaiwa gida."

"To mu yi tseren." Ya cire tabarau ya goge. "Daga bakin gari zuwa ƙonanniyar kamyon nan ta hanyar Agadez. In ya riga ni, makulli nasa ne har ya mutu. In na riga shi, ya ajiye mini a nan. Zayyadu ya shiga tasa ya ɗauki allurar gudu, abokina ya ɗauki tawa, mu haɗa irin na Turawa."

Kowa ya ga abin da yake so. Bidiyo yake so, da tsoho a ciki ana yi masa dariya. Intala ya ce wannan rashin kunya ne. Amma Yosuwa ya ja hannun Alkassoum gefe, na matsa na ji. Ya ce hanyar nan kashi uku ce: gudron, wato kwalta, mai kyau a farko, doguwar ɓarna a tsakiya inda kwalta ta farfashe ta zama ramuka, sai ɗan guntu mai kyau daf da kamyon. A ɓarnar, jar mota sai rarrafe. Taguwa kuwa ba ta bin gudron a wurin, gefe take sauka ta bi ƙasa mai tauri kamar kowace motar haya. "In ka wuce shi kafin ɓarnar ta ƙare, guntun da ya rage ba zai ishe shi ya kamo ka ba."

Alkassoum ya ce, "Lalla ba zai so ba." Amma ba shi da wata ƙofar, ya yarda.

Da safe rabin tasha ta fito bakin gari. Aka jera su, ja a dama tana sheƙi, Taguwa a hagu da bidonta biyu da gashin akuya a maƙale a ƙarfen baya. Na ce, "Baba, mu sauke ruwan nan mu rage nauyi." Ya kalle ni kamar na ce mu sauke Lalla.

Intala ya ƙi ɗaga tuta, wani yaron Hamadi ya ɗaga hula. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ta don haushi ba: abin nan yana tashi. Ƙara kawai na ji a ƙirjina. Kafin Alkassoum ya gama bisimilla jar ta zama kamar barkono ɗaya a ƙarshen faranti. Ni kuwa ina riƙe da salula a kan allurarmu, tana hawa kamar tsohuwa a matakala, ashirin, ta huta, talatin, ta tuna 'yan'uwa. Na ƙirga a baki har na ɓace a lissafi ba mu kai sittin ba. Na ce, "Baba, ko in sauka in tura?" Ya ce, "Riƙe ƙofa, yana buɗewa."

Sai gudron ya fara yagewa. Alkassoum ya karya sitiyari muka sauka gefe, kuma a nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk hawan da nake yi. Ba ya kallon gaban mota, can nesa yake kallo, yana karanta launin ƙasa. Inda ta yi duhu ya bi, inda ta yi fari ya kauce. Allura ta zauna a saba'in ta ƙi sauka. Haƙorana suna kaɗawa, kaina yana gaisawa da rufi, can sai ga barkonon ya fara girma. Muna hango shi yana zagaye rami ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake kashin shanu da sabon takalmi. Na fara waƙa. Na leƙa taga ina shirya abin da zan gaya wa Hamadi in mun zo wucewa, har na zaɓi guda uku.

Saura kaɗan mu yi daidai da su, jar ta tsaya. Hamadi ya fito, ya ɗaga murfin baya inda injinta yake, ya ɗauki kwalbar ruwa ya kifa ta sama yana kaɗawa.

Na ji ƙafar Alkassoum ta bar mai.

Na ce, "Baba, ƙarya ne. Wallahi ƙarya ne. Dubi abokinsa, ko fitowa bai yi ba, salula yake riƙe."

"Na gani."

"To taka mana. Ga kamyon can ana hango ta. Ka kai, ka karɓi makullinka, mu dawo mu ba shi ruwan har ya yi wanka."

"Ya kifa kwalba," ya ce.

"Mutane suna bayanmu, gari yana kusa, ba mai mutuwa a nan."

"Wanda ya wuce, haka yake cewa."

Ya juya kan mota. Tsakaninmu da gudron rairayi ne mai laushi, ya kutsa ciki har Taguwa ta nutse zuwa rabin taya ta tsaya, inji ya mutu. Duk wanda ya tashi a gidan Alhaji Mano ya san Taguwa in ta yi zafi ta mutu, sai an lallashe ta take tashi. Hamadi a bayanta ya koyi tafiya. Ya sani.

Alkassoum ya sauka, ya kwance bidon wanda bai sani ba, ya saɓa a kafaɗa ya kai. "Sannu, ɗan Alhaji. Zafi ya yi?" Hamadi ya karɓa ya buɗe, bai iya kallonsa ba, ya ce inji ne, sai an ja. Tsohon ya juyo ɗaukar igiya. Yana ba da baya na ji murfin injin ya rufu. Hamadi ya saki bidon a ƙasa, ya faɗa mota, ya lallaɓa ramukan da suka rage, tayarsa ta taɓa gudron mai kyau. Sakan ukun nan da nake sayar wa mutane a rumfa, ranar na gan su da idona, kuma ban taɓa ganin abu mai muni kamarsu ba.

Na yi ihu, "Baba, mota." Shi kuwa ba motar ya nufa ba. Bidon ya kife yana ɓulɓula a rairayi, ya ruga da tsufansa ya tayar da shi, ya nemo murfin ya rufe, ya ɗaga ya ji nauyin abin da ya rage. Sannan ya dawo ya ɗaure shi a wurinsa, ƙulli biyu kamar kullum. Muka tone taya da hannu, muka lallashi inji. Da muka isa kamyon, Hamadi yana zaune a kan motarsa ana ɗaukarsa hoto.

Alkassoum ya zare makullin daga mota ya miƙa. Na ce wa Hamadi, "Kai ko a lakwal da amsar wani ka ci." Ya ce, "Sharaɗi sharaɗi ne, wa ya ce ya tsaya?" Da yamma bidiyonsa ya zaga gari: tashin farko, allurarmu mai rarrafe da ya sa aka ɗauko daga wani yaro da na tura wa, sai isowarsa. Tsakiyar ya yanke. Ya sa kiɗa a kai.

Nawa bidiyon cikakke ne, kuma duk wanda ya kawo salula rumfata ina zuba masa shi kyauta, ko waƙa ya zo nema. Da direbobi suka gani tasha ta ɗau zafi. Abin da ya ƙona su ba makullin ba ne kaɗai. Mutum ya ɗauki alamar da ake ceton rai da ita ya yi tarko. Gobe wani zai ga kwalba a kife ya ce wasan yaran zinariya ne, ya wuce. Intala ya tara su a rumfar shayi ya ce daga yau duk motar gidan Mano da ta tsaya a daji, a bar ta da mai ita. Kowa ya ce haka ne. Ni har na hau benci.

Alkassoum yana gefe a tsugune. Ya ce, "Intala, a'a."

"Kai aka cuta, kai ke cewa a'a?"

"In an fara zaɓe, ba ya ƙarewa. Yau motar Hamadi, gobe mota mai kama da shi. Kuma ba Hamadi ke ciki ba, direba ne da matan mutane."

Na ce, "To Baba, shi ke nan ya ci banza?"

"Ruwa ya zubar," ya ce. "Wannan tsakaninsa da mai ruwan, wanda ban sani ba."

Har yau wannan amsar ba ta ƙosar da ni ba. An sayar da Taguwa, na ga ranar da aka tafi da ita arewa, an cire bidon an jera gangunan mai. Mutanen zango yanzu sai su jira kamyon da Allah ya kawo, kuma watan jiya an shigo da wata tsohuwa daga Gougaram a kan babur, an ɗaure ta da rawani a bayan jikanta. Alkassoum yana garejin Yosuwa yana wanke ƙarafa da gazuwal, man dizal, Lalla tana saƙa tabarma tana kaiwa kasuwa. Mutumin da ya san launin kowace ƙasa daga nan har Dannet, yanzu kwanon wankin ƙarfe yake karantawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci ni da shi, sai ga jar a mashigar kasuwa, cikinta ya zauna a rairayi, tayoyin baya suna juyawa suna watsa wa masu tumatir ƙasa. Wannan karon ba wasa. Mutane sun yi da'ira, hannu a baya, ba mai motsi. Wani mai nama ya ce, "A kifa kwalba mana." Aka fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa. Hamadi yana ciki gilashi a rufe, tabarau a fuska, gumi yana bin wuyansa.

Na juya zan ce wa Alkassoum ya zo ga wuri mai kyau a gaba, sai na ga yana naɗe hannun riga.

"Baba, kar ka soma."

"Riƙe mini," ya ce, ya miƙo takalmansa.

Ya durƙusa ya fara tone rairayi da hannu daga ƙarƙashin taya. Da mutane suka ga furfura a ƙasa, kunya ta kama biyu-uku suka shiga, aka kawo katako, aka tura. Jar ta fita ta yi gaba da gurnaninta. Ta ɗan tsaya a kwana, na ce ko zai sauke gilashi. Ashe akuya ce ta tare hanya.

Alkassoum ya dawo yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Ba ka tura ba."

Na ce, "Takalmi aka ba ni."

Ya sa su, muka wuce. Ya ce in tuna masa da gishiri, Lalla ya aike shi.